Na Tambayi Jana'iza, Suka Ɓige da Naman Alade

Malama Yeo, ki taimake ni. Na rasa wanda zan tambaya, kuma na rantse ba zan ƙara tambayar taro ba.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, ni kaɗai ke kiyaye Asabaci, wato hutun ibada na ranar Asabar da ba a aiki a cikinsa, ta dalilin matata na shiga cocin masu kiyaye shi. Mahaifiyata da ƙanena Sang-muk suna kan addinin Buddha. Babanmu ya rasu wata Alhamis farkon bazara. Kin sani, kwana na uku ake fita da gawa, ya faɗo Asabar ke nan. Sang-muk har ya shirya da mai motar haƙa kabari a tudun danginmu na Hongcheon. Fastonmu yana asibiti. Sai na rubuta a zauren hirar cocinmu na waya, ina cikin baƙaƙen kayan makoki: ya halatta in binne mahaifina ranar Asabaci?

Dattijo Pyo, ɗaya daga cikin shugabannin cocin, shi ne ya fara amsawa. Ko sannu bai ce mini ba, sai, "Tukuna, me kuke ba masu gaisuwa? Kar dai dafaffen alade ne?" A cocinmu ba a cin alade, ba a shan kofi. Daga nan aka koma kan durƙusa wa hoton mamaci, bautar gunki ce ko girmamawa. Wata ta ce, "Dattijo, kai da ka sha kofi a bikin 'yarka, da wane baki?" Ya ce ruwan sha'ir ne, ta je a duba mata ido. Can aka tono rigimar wanda ya zaɓo labulen coci. Ni kuwa ina tsaye ina karɓar gaisuwa, ina satar kallon waya kamar yaro a aji.

Har la'asar ɗin Juma'a ban ga amsa ba. Tsoro ya kama ni, na ce a ɗage zuwa Lahadi. Kwana huɗu ke nan, adadin da ake camfawa da mutuwa, wanda mahaifiyata ko a jikin lif na hawa bene ba ta son gani. Kawunmu da ya taso daga Busan ya koma bai ga binnewa ba. Sang-muk ya ci kwalata a gaban mutane. Mahaifiyata kuwa abu ɗaya ta ce: "Ka bar ubanka ya ƙara kwana a firji don kai ka huta." Tun daga ranar ba ta ɗaga wayata.

Sai bayan an gama komai na koma farkon hirar, na ga Mama Ok, tsohuwar da ke share cocinmu, ta amsa mini tun a lokacin: "Allah ya ba ka haƙuri, ɗana. Je ka binne ubanka." Gardamar alade ce ta danne saƙon nata. Na yi kuka, har yanzu ina jin haushinsu duka.

Yanzu bikin Chuseok na kaka, da ake ziyartar kaburburan iyaye, ya matso, Sang-muk ya sa Asabar don yanke ciyawar kabari. Ya ce idan ban zo ba, kada in ƙara zuwa. In na je, na karya wa ciyawa ranar da na ƙi karya wa gawa. In na ƙi, na rasa uwata.

Ɗan Fari, Chuncheon

Ɗan Fari, zan fara da abin da suka manta: sannu da rashi, Allah ya ba ka dangana.

Ba zan yi wa imaninka dariya ba, tsoron Allah ne ya sa ka tambaya. Amma kada ka bar jaki ka doki taiki. Mutanen zauren sun yi abin kunya, kowa ya amsa tambayar da ya iya maimakon wadda ka yi, sai dai ba Dattijo Pyo ne ya ɗage jana'iza ba. Zafin mahaifiyarka ma gaskiya ne, mijinta ne a firjin.

Kira Sang-muk da murya, ba rubutu ba. Ka ce masa ranar Juma'a da safe za ka hau tudun da lauje ka yi naka rabon, ka bar masa nasa don kada ya ɗauka ka nuna masa iyawa. Ranar Asabar ka hau tare da su hannu wofi, ka riƙe mahaifiyarka a kan hawan, ka yi addu'a irin taka. Ban ga aiki a nan ba, amma ka je gun fasto ido da ido ka ji. In za ka ba mahaifiyarka haƙuri, kada ka ambaci zauren, ita ba su ta haifa ba.

Ba zan ruɗe ka ba, mai yiwuwa ta janye hannunta, bana da baɗi. Kwana ɗayan nan da aka ƙara ba ya dawowa. Ka je duk da haka, ka bar wayar a mota. Mama Ok ta riga ta ba ka amsa, ka makara ne kawai wajen gani.

Allah ya sanyaya zuciyar mahaifiyarka tun tana raye.

Malama Yeo