Notin da Jaki Ya Ɗaure

Litinin, 3 ga Maris

Ungozoma ta turo babur ɗinta gareji. Kuloci ne: a hawa injin sai ihu, babur ba ya gaba. Ta ce ran Asabar za ta fita ƙauyuka, akwai mata uku da watansu ya kama. "Baba, kar ya tsaya mini a daji." Ni ake gaya wa? Shekara arba'in da ɗaya ina sana'ar nan.

Na tsiyaye baƙin mai, na buɗe murfi. Noti huɗu ke danne sifirin, murɗaɗɗun ƙarafan nan masu matse kuloci. Uku sun fito, na huɗu ya kafe. Kansa ya cinye, sifana sai zagaye take yi. Wani jaki ne ya ɗaure shi. Tir!

Talata, 4 ga Maris

Babban ɗana, da nake ce wa Injiniya tun da ya yi makarantar kanikanci, ya tsaya a kaina, hannu a aljihu. "Baba, ka bar mini mana, ka huta." Hutu! Shi da uwarsa sun gama ƙulla ta: in zauna a ƙofar gida ina korar ƙuda, shi ya riƙe makulli. Wai in babur ɗin nan ya mutu a hanya, na gama taɓa na mutane. A garejin da na kafa da hannuna.

Filaya ta zame, ta ɗauke mini fatar yatsa. Na tsaga kan notin da zarto, na sa sukudireba, na buga. Ko gezau.

Laraba, 5 ga Maris

Dogo mai walda ya liƙa wani noti a kan mataccen. Da ya sha zafi, ya juya. Dogo ya ce, "Tsoho, wanda ya ɗaure wannan da matarsa ya yi faɗa ranar." Na ce yaran yanzu ne, ba su da hannu, sai ƙarfin banza.

Na zaro farantan kuloci. Na karce da farce, na sansana. Ɗan ƙauri ne kawai, za su kai shekara. Injiniya ya kawo ƙarfen awonsa mai lambobi, ya matsa, ya ce sun sirance, sifirin ma sun gajarce. Na ce ya auna bakinsa da shi.

Alhamis, 6 ga Maris

Yatsa ya kumbura. Ba wanda ya tambaya.

Juma'a, 7 ga Maris

Ina wanke ƙarfen da ke danne sifirin da fetur, dauɗa ta fita. Gefen rami na huɗu, ɗigo biyu.

Tun ina saurayi, duk abin da na ɗaure sai na buga masa ɗigo biyu da ƙusa, don kar a ɗora mini aikin wani. Yanzu na tuna. Bara waccan ne, lokacin da hannun nan ya fara rawa. Na ƙara wa sifana tsawo da bututu don in tabbatar notin ya kamu.

Injiniya yana gefena. Ya gani. Ya juya yana neman tsumma, alhali tsumman na kafaɗarsa. Da ma zagina ya yi.

Da ya fita na ɗauki ƙarfen awon. Lambobin ba su ganuwa. Amma na jera tsohon faranti da sabo a kan benci, na shafa da yatsa. To.

Asabar, 8 ga Maris

Sababbin faranti, sababbin sifirin. Ba don Injiniya ya faɗa ba.

Na ɗaure uku da sifanarsa mai yin ƙas in noti ya ji. Abin wasan yara, amma hannu bai gaji ba. Na huɗu na ce ya ɗaure, ni yatsana na ciwo.

Ungozoma ta haye tudun bayan gareji a giya uku, ko tari babur bai yi ba.

Dogo ya leƙo: "An gano jakin?" Na ce ya bar gari.

Makulli na aljihuna. Na dai ce wa yaron ya yanko nasa, don gwiwata ba ta son sammako.