Irin Gyaɗata Ba Ya Cikin Cacar Illo

Zuwa ga Mai Girma Kumandan na yankinmu,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ce Tsahara, matar Illo, daga wani ƙauye kusa da Attantane. Ban iya rubutu ba, an rubuta mini ne yadda na faɗa, kuma na hana a sassauta ko kalma ɗaya.

Na farko. Tun da aka buɗe cinikin gyaɗa bana, 'yan karta suka shimfiɗa tabarmarsu dab da sikeli. Manomi ya auna, ya karɓa, bai ko ƙulle aljihu ba an yi masa wurin zama. Gardin da aka aiko tsaron kasuwa nan yake shan inuwa. An ce mana Nasara sun tafi, guminmu ya zama namu. Ashe na masu tabarma ya zama.

Na biyu. Illo mutum ne mai haƙuri a gona, marar haƙuri a karta. Da aka cinye kuɗin abin da ya sayar, sai ya saka irin da ke rumbuna a cacar, shi ma aka ci shi. Wannan iri daga gamanata ya fito, gonar da aka yanka mini ni kaɗai, ni na nome ta da goyo a baya. Ko a ƙauyen da ya fi kowane jahilci an san miji ba ya sa hannu a rumbun matarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau ban huce ba.

Shekaranjiya shugaban 'yan kartar ya aiko, wai ranar kasuwa zai zo da gardi da jaki su kwashe. In suka kwashe, me zan shuka da ruwan fari?

Roƙona a ɗage tabarmar nan daga bakin sikeli, a kuma tuna wa gardi aikinsa.

Amma kada su wahalar da jakinsu, rumbun wayam yake. Na raba irin ga matan ƙauyenmu, kowace ƙwarya guda, ajiya har a yi ruwa. Mai so ya bi mu ɗaki ɗaki ya karɓa. Mun yi shawara, in kamu ne, a zo da igiya mai tsawo.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka tsaya kan gaskiya.

Wassalam.
Tsahara, matar Illo.