Man Gyaɗa a Gemun Masara

Nassarawa, Kano
14 ga Agusta, 1960

Zuwa ga ƙanena Shu'aibu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Dije da yara. Yaya damina? Ni kalau nake, in ban da gwiwa.

Wannan ce takarda ta tara da na aiko maka, ko ɗaya ba ka amsa ba. Malam Mika akawu, na Tudun Wada, shi ke rubuta mini, na kuma hana shi gyara mini magana.

Shekara bakwai ke nan ana ce mini Zubairu mai yi wa tsutsa miya, kuma daga bakinka sunan ya fito. Abin da na ce maka a gonar Baba shi ne, don hana tsutsa shiga, ka ɗiga man gyaɗa da gashin kaza a gemun masara bayan gemun ya fara yaushi. Bayan, Shu'aibu! Kai da gaggawarka ka shafa yana ɗanye shar, masara ta fito totuwa zalla, sai ka tsaya a ƙofar masallaci ka ɗora mini. Ban bar gari don son aikin lambun Bature ba, dariya ce ta kore ni.

To, tsutsar nan ta biyo ni har Nassarawa. Ta faro daga gonakin Kawaji, yanzu gida-gida take bi. Ka ga goyo ƙato, ka ɓare, ka tarar ta cinye kan, ta bar maka kashinta. Malamin gona ya zo da hoda a gwangwani ya barbaɗa, da la'asar ruwa ya wanke ta tas. Ai tana can cikin ɓawo, ina hoda za ta same ta?

Ina da masara kunya goma sha biyu bayan ɗakinmu. Jiya na karɓi mai wurin Hamisu kuku, na fige wa zakaran uwargidan Bature gashi biyu, na bi shida na ɗiga, shida na bari. Masu gadi da direbobi suka jeru a shinge suna ƙyaƙyatawa. Ban kula su ba. Amma ba zan ɓoye maka ba: In wannan ma ta ɓaci, ashe kai ke da gaskiya, ni kuwa ba ni da fuskar dawowa gida.

Ka gai da kowa.

Yayanka,
Zubairu

Nassarawa, Kano
18 ga Satumba, 1960

Zuwa ga ƙanena Shu'aibu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka. Gwiwa ta yi sauƙi, ko kuwa murna ce ta sa na manta da ita.

Alhamdu lillahi! Ran Juma'a bayan an sauko na tara duk masu dariyar nan, na ce Hamisu ya ɓare da hannunsa, kada a ce na zaɓa. Kunya shidan da na bari, kusan kowane goyo da tsutsarsa. Shidan da na ɗiga wa mai kuwa, ƙwaya a jere har baki, fes. Cikin goyo arba'in, uku kaɗai tsutsa ta taɓa. Hamisu ya cire hula ya yi mini jinjina. Muka hura gawayi muka gasa nan take, har Bature ya fito ya ci biyu, ya rasa inda zai goge hannu.

Malamin gona ya dawo da littafinsa, ya tsuguna gabana, da wandonsa mai guga, yana rubuta abin da nake faɗa. Ni da ban san alif ba! Sau uku na sa shi ya maimaita mini maganar yaushin gemu. Yanzu masu masarar baya har daga Kawaji suke zuwa, zakarun unguwar nan duk sun zama figaggu. Sauran masarar na ajiye don bikin mulkin kai, za mu gasa wa duk wanda ya biyo ta layinmu.

Sai ga babban labari. Musa direba ya kai kaya garinmu, ya kwana gidanka. Ya ce Dije ta gasa masa masarar da bai taɓa ganin irinta ba. Da ya yaba, sai ta yi dariya ta nuna masa kwalba da gashin kaza a soke a danga. Wai damina uku ke nan kana ɗigawa, sai gemu ya yi yaushi, kuma sai ka leƙa ka ga ba mai wucewa.

Kai, Shu'aibu! Na yi niyyar fushi, wallahi dariya ta ƙwace mini, na yi ta yi har hawaye. Ashe kana cin miyar tsutsa kai ma.

Na yafe maka, amma ba kyauta ba. Abu biyu nake so. Ka tsaya a ƙofar masallacin nan, inda ka faɗa, ka gaya musu gemun ɗanye ne ranar da ka shafa. Sannan ka sami mai rubutu ka aiko mini ko layi ɗaya ne. Na riga na ɗaure kayana, da goyo goma na iri da na ware maka, amma ƙafata ba za ta taka tasha ba sai takardarka ta shigo hannuna.

Musa zai koma ran Laraba, na ce kada ya tayar da mota sai ka ba shi. Wannan ta goma ce. Ka amsa mini.

Yayanka mai kewarka,
Zubairu