Ku Bar Ni In Cire Sunan Mahaifina Daga Bakin Yara

Zuwa ga shugabannin kamfanin da ya ƙera na'urar gem ɗin da nake sana'a da ita.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku, ina neman ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci. Na san ba lallai ne a samu mai jin Hausa a cikinku ba. Ni ma ba na jin rabin abin da na'urarku take rubuto mini, amma kullum sai na nemi mai karanta mini. Ku ma ku nema.

Sunana Habibu, ina zaune a Lakwaya ta ƙaramar hukumar Gwarzo. Na gama karatun koyarwa, aiki ya ƙi samuwa. Bayan cire tallafin mai, da rayuwa ta ƙara tsanani, na sayar da babur ɗina na sayi na'urarku ta hannu da talabijin da ɗan janareta, na buɗe gidan gem jikin katangar gidanmu. Daga nan nake ci, daga nan nake sayo wa iyayena magani. Kokena kuwa a kan suna ne.

Na ɗaya. A gidanmu, muddin uba yana raye, ɗa ba ya ɗora sunansa a kan dukiya. Gona ce ko shago, da sunan uba ake kira, don girmamawa da neman albarka. Shi ya sa da mai haɗa na'urar a Kano ya tambaye ni sunan da za a sa a asusun, sai na miƙa masa katin Baba na karɓar taki da ke aljihuna. Na ɗauka suna ne irin na rasit, a rubuta a ajiye. Babu wanda ya gaya mini cewa sunan zai riƙa fitowa ɓaro-ɓaro a saman talabijin duk lokacin da aka kunna wasa.

Na biyu. Wataƙila a ƙasarku yaro yana kiran ubansa da sunan yanka, su yi dariya su wuce. Mu nan ba a yi. Tun da aka haife ni ban taɓa furta sunan Baba ba. Inna, mahaifiyata, ta haihu har ta ga jikoki a gidan nan, ba a taɓa jin sunan a bakinta ba. Ɗana na fari sunan aka mayar masa, shi ya sa muke kiransa Abba. To wannan sunan da duk gidanmu muke kewaye wa, shi ne yanzu yara suke ihu da shi tun daga la'asar har magariba: an ci wane, wane ya faɗi, wane bai iya tsaron gida ba. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, katanga ce kawai tsakaninta da su. Na yi faɗa, na yi kora, har bulala na rataya a ƙofa. Amma yaro abin da ya gani a rubuce shi yake karantawa, kuma gobe wasu ne za su zo.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan wasiƙa ya faru ne bayan ƙaramar sallar da ta wuce. Samarin Masanawa ta Kabo sun zo gasa da namu, suka lallasa mu. Ranar kasuwar Kabo Baba ya je sayar da dawa, sai ya ji wasu samari a bayansa suna ta shewa, suna ba da labarin yadda suka yi wa mai sunansa ruwan ƙwallaye a Lakwaya. Cikakken sunansa ne, har da na kakana. Dattijon da yake kiran salla a masallacin unguwarmu tun kafin in san kaina. Da ya dawo, Inna kawai ya tambaya, a hankali, ko ta san lokacin da ya fara buga ƙwallo. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na uku, kuma nan ne laifinku yake. Na shiga wurin sauya suna na rubuta Habibu. Sai na'urarku ta ce wani ya riga ni, ta manna mini wata alama da jerin lambobi a bayan sunan. To da ma fa? Ku shiga kowane masallaci a Gwarzo ku ce Habibu, ku ga kawuna nawa za su juyo. Mun daɗe da warware wannan ba tare da lamba ba: akwai Habibu Tela, akwai Habibu Dogo, akwai Habibun Inna. Na gwada haɗa sunana da na garinmu, aka ce ya yi tsawo. Na gwada Ɗan Lakwaya, aka ce yana da mai shi. Da na bincika, ashe ɗan kawuna ne ya kama sunan kafin ya tafi cirani Legas. Na'urarsa ta ƙone tuni, lambar sirrin kuma ya ce ko a mafarki ba zai tuna ta ba. Sunan yana can a kulle a wurinku, ba ya amfanin kowa.

Na huɗu. Za ku ce in haƙura da lambobin mana, ai ba cizo suke yi ba. Ku saurara. Jiharmu ta shari'a ce, kuma kwamitin dattawan unguwa bai bar ni na buɗe shagon nan ba sai da sharaɗi biyu: a rufe lokacin salla, kuma kada a ji ko ƙamshin caca. Ranar da nake gwajin sunaye, Malam Isiyaku na kwamitin ya leƙo, ya ga Habibu da jerin lambobi a talabijin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce irinsu ya gani a takardun cacar ƙwallo da suka cinye wa ɗan ƙanwarsa keken ɗinki. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Ya ce shi ya yarda da ni, amma ba zai iya bin gida-gida yana yi wa iyaye wannan bayanin ba, kuma ranar da lambobin suka zauna a talabijin, kwamiti zai zauna a kaina. Ban ga laifinsa ba. Haka na fasa, sunan Baba ya ci gaba da zama inda yake.

Masu ba da shawara a waya sun ce in buɗe sabon asusu. Wasannin da na saya duk suna cikin tsohon, kuma da farashin dala na yau ba zan iya sake sayen ko ɗaya ba. Wasu sun ce in ƙirƙiri sunan da babu mai shi, in cakuɗa haruffa yadda na ga dama. Na gwada, na'urarku ta karɓa da murna, amma abin da ya fito ko akuya ba zan raɗa wa ba. An kuma ce sauyin farko ne kawai kyauta, don haka ba ni da damar kuskure.

Roƙona gare ku bai da yawa. Ku saki sunayen da masu su suka yi watsi da su. Ku ƙara wa gurbin suna faɗi, domin mu nan mutum da garinsa ko sana'arsa ake gane shi. In kuma lambobin dole ne, ku riƙe su a wurinku, ku daina baje su a talabijin.

Na san za ku nemi sunan asusun kafin ku duba. Ku gafarce ni, ba zan iya rubuta shi a wasiƙar da kowa zai karanta ba. In kuna buƙatarsa, ku aiko mutum ya tsaya a ƙofar shagona bayan la'asar, zai ji shi. A daidai lokacin ne mai sunan yake wucewa daga masallaci, kansa a sunkuye, yana yi kamar bai ji ba.

Allah Ya ƙara muku basira, Ya yi wa kasuwancinku albarka, Ya ba ku 'ya'yan da za su ji nauyin sunanku.

Wassalam.

Habibu, mai gidan gem na Lakwaya.