Inna Ta Faɗi Sunana da Turanci

Daren Laraba, Soron Ɗinki

Shekarata arba'in da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ni ne ɗan fari, don haka kunya ta mai da ni "wancan", ran da aka ji daɗina kuma "mai gidan Gwammaja".

Yau da la'asar na tarar da ita a tsakar gida tana bitar darasin makarantar manya da ta shiga. An ce kowa ya gabatar da iyalinsa da Turanci. Sai ga Inna ta gyara tabarau, ta dube ni ido cikin ido, ta rangaɗa "Kabiru" ko gezau. Saura kaɗan in ƙware da kunu.

Na ce, "Inna, don Allah maimaita da Hausa."

Nan take ta ja mayafi ta rufe fuska. "Tashi ka ba ni wuri! Wannan yaren ai ba shi da kunya, shi ya faɗa, ba ni ba."

To wace ce Innar tawa, ta Hausa ko ta Turanci? Oho. Na dai leƙa littafinta, darasin gobe kan abubuwan da mutum yake so ne. Tun azahar zan je in zauna.