Kar Ka Ja Taraktar Kawu da Motarka

Yaya na kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya Inna, ya yara? Ni lafiya lau. A garejin nan kaf ba mai ɗaure tarakta a tirela kamar ƙaninka, oga ma ni yake tambaya. Yatsana ɗaya ne dai sarƙa ta ɗan matse, kar ka gayawa Inna, sauran suna aiki.

Naji wai zaka ɗora taraktar kawu a tirela ka ja da a-kori-kurarka. Haba yaya! Motar da buhun masara ke sa ta nishi? Kaje ka duba nauyin da aka rubuta a bakin ƙofarta, da na jikin ƙugiyar da ake maƙala tirela, da na tirela. Wanda yafi ƙanƙanta shi zaka bi. Kuma ba tarakta kaɗai ake aunawa ba, harda tirelar kanta, da garma, da ruwan da kawu ya ɗura a tayoyi. A miƙaƙƙiyar hanya motar zata ja, amma a gangare taraktar ce zata tuƙa ka.

Ka nemi babbar mota, gona zata jira. Wallahi na iya gyara komai, amma ban iya gyara yaya ba.

Allah ya tsare.

Naka,
Gwanin Sarƙa