Na Daina Cike Takardar Haraji Don Haushi, Yanzu Karatun 'Yata Ya Maƙale

Anti Odessa,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, don na kai inda ba na iya zama wuri ɗaya. Wannan wasiƙar ma a tsaye na fara ta a ɗakin hutun ma'aikata, a cikin mota nake ƙarasa ta. Kada ki sa sunana. Matan cocinmu filinki na jarida suke fara buɗewa kafin labaran gari, kuma akwai wadda in ta gane ni ce, to kafin Lahadi har mai kaɗa piyano ya ji.

Shekarata arba'in da ɗaya, a Dayton nake, ina aiki a wurin wankin ƙoda. Ni ce mai auna nauyin marasa lafiya, in gyara kujeru, in goge injuna. Nas na so zama. Na shiga wata kwaleji mai zaman kanta da bashin karatu na gwamnati, ina shekara ta biyu mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, babu mai jinya sai ni. Na ce bari in ɗan dakata shekara ɗaya. Ban sake komawa ba. Na fito ba takardar shaida, sai bashi. Na ɗan biya, na gaza, wasiƙu suka yi ta zuwa ina turawa ƙarƙashin katifa.

Kin san yadda irinmu muke da watan Fabrairu. Duk shekara ana cire mana haraji daga albashi, in mutum ya cike takarda sai a maido masa rarar, a haɗa da abin da ake ba masu yara. Lokacin kaɗai muke ganin kuɗi a dunƙule. Shekara huɗu da suka wuce na riga na gama kashe nawa a zuciya: na samu gidan haya mai ɗaki biyu, kuɗin kamu kawai ake jira. Har na shaida wa mai gidan da muke ciki cewa za mu tashi. 'Yata Nyla har ta zaɓi launin labule. Sai takarda ta zo a maimakon kuɗi, wai an riƙe duka saboda bashin karatu. Duka, Anti. Ko na man mota ba su bar mini ba. Muka ƙare a ɗakin ƙasa na gidan yayata, kusa da injin wanki, Nyla tana tari har zafi ya shigo.

Da shekara ta zagayo na ɗauko takardun, na dube su, na ce ba da ni ba. In zauna in yi musu lissafi da hannuna, su kuma su kwashe? Na ƙi. Ta gaba ma na ƙi. Ta uku kuma ba haushi ba ne, tsoro ne, don na san na yi nisa. Yanzu ga ta bana ta zo, ta huɗu ke nan.

Abin da ya taso da maganar shi ne Nyla. Yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta da zance sai na gajimare da guguwa. A gida Mai Hasashe muke ce mata, ba mai fita ba tare da ya tambaye ta ko ya ɗauki lema ba. Ta samu gurbi a jami'ar jiha za ta karanta ilimin yanayi. Na yi kuka, na yi rawa a kicin da ludayi a hannu. Sai ofishin tallafin karatu suka ce ba za su iya yanke mata abin da za a ba ta ba sai sun ga bayanin harajin mahaifiyarta, kuma sun ba mu zuwa ƙarshen watan gobe. Tana cin makaroni ta ɗago wayarta tana dariya ta ce, “Mama, wai ba su same ki a ko'ina ba. Ke 'yar leƙen asiri ce ba mu sani ba?” Sai na gaya mata gaskiya. Ta wanke kwanonta, abin da ba ta taɓa yi ba sai an yi magana, ta shige ɗaki.

Ga kuma mijina Cedric. Shekara uku da aurenmu, ba shi ya haifi Nyla ba amma ba za ki gane ba, shi ya kafa mata ma'aunin ruwan sama a bayan gida. Shi yana cike tasa takardar daban, kuma ya san halin da nake ciki tun farko. An rage musu awoyin aiki a masana'anta tun kafin Kirsimeti. Cewa ya yi, “Ke, saurara. Mutanen nan sun manta da ke. Ranar da kika aika musu takarda, da hannunki kin miƙa musu adireshinki da sunan wurin aikinki. In suka fara yankar albashinki da me za mu biya haya? Da hasashen yanayi?” Daga baya ya ba ni haƙuri kan wannan ta ƙarshen, amma bai janye sauran ba. Kuma ban ga laifinsa ba, shi ma tsoron ɗakin ƙasan yake ji, ya ga hotunan wurin.

Wata abokiyar aikina kuma ta ce ɗan'uwan maƙwabcinta ɗaure shi aka yi kan irin wannan. Ban sani ba ko gaskiya ne, ita komai ɗan'uwan maƙwabcinta ya taɓa yi. Amma ya tsaya mini a rai, don ina yin kek na bukukuwa ga 'yan coci, kuɗin hannu suke ba ni, ban taɓa rubuta shi a ko'ina ba. Ga masu kira a waya kullum, wai in na biya su wani abu za su goge mini bashin gaba ɗaya. Jiya saura kaɗan in ba su lambar katina.

Abin da ya sa na rubuto: ranar Talata Nyla ta dawo gida da rigar ma'aikatan wani babban sito a jaka. Ta ce, “Zan ɗan yi aiki shekara ɗaya, Mama. Jami'a ba gudu za ta yi ba.” Anti Odessa, wannan maganar ce fa na yi wa tawa uwar a gadon asibiti. Tun ranar na share firiji, na sake jera kwanuka, na zagaya unguwa cikin dusar ƙanƙara har ƙafafuna suka mutu, ban san abin da nake nema ba. In cike takardun su kwashe rarar, su kuma bi albashina? In bari yarinya ta zauna? Daga ina ma ake farawa?

Mai Safa da Marwa a Dayton


'Yar'uwata,

Ki samu kujera ki zauna tukuna. Abin nan yana da gyara, kuma lokacin da ya rage zai isa in kin fara a wannan makon.

Zan fara da abin da ba za ki so ji ba. Haushinki na fahimce shi, duk wadda aka yi wa haka ana gab da tashi gida za ta ji abin da kika ji. Amma ƙin cikewar bai hana su komai ba. Harajin an riga an cire shi daga albashinki, yana hannunsu. Rarar da aka riƙe a waccan shekarar aƙalla ta rage miki bashi. Wadda ba ki nema ba kuwa ba ta zo hannunki ba, ba ta kuma rage ko sisi ba. Sannan shekara uku doka ta bayar a nemi rara, daga nan ta zama ta gwamnati. A lissafin da kika ba ni, mafi tsufar takardunki wa'adinta zai cika a watan Afrilun nan.

Maganar Cedric rabinta gaskiya ce. Ana iya yankar albashin wanda ya daina biyan bashin karatu na gwamnati, kuma mutumin da aka rage wa awoyi yana da dalilin jin tsoro. Kada ki riƙe shi da wannan. Inda ya kuskure shi ne zaton an manta da ke. Wurin aikinki duk shekara suna aika wa hukuma bayanin albashinki, da sunanki da adireshinki. Ba ɓoye kike ba, idonki kawai kika rufe. Abin da ke kare albashi shi ne shiga yarjejeniyar biya, ba shiru ba.

Ga abin yi. Ki tattara takardun albashinki na shekarun nan. Wadda ta ɓata, wurin aiki ko hukumar haraji za su ba ki kwafi. Ki tambayi laburaren unguwarku inda 'yan sa-kai ke cike wa masu ƙaramin ƙarfi takardar haraji kyauta a wannan lokacin, ki kuma tabbatar suna yin ta shekarun baya. Biyu ne na gaggawa: mafi tsufar, da wadda makarantar Nyla ke nema. Ki sa a ranki rarar waɗannan za a riƙe ta, don kada abin ya sake zuwar miki ba zato. Kuɗin kek ki faɗa musu shi yadda yake, da abin da kika kashe a fulawa da ƙwai. Mai yiwuwa ya rage rarar, ko a bi ki wani abu a wata shekarar, shi ma ana biyansa kaɗan-kaɗan. Zancen ɗauri kuwa, masu ha'inci da gangan ake nema da shi, ba ma'aikaciyar da ake cire wa haraji duk wata kuma ta kawo kanta ba. Ki bar ɗan'uwan maƙwabcin nan ya huta.

A makon nan kuma ki kira ofishin da ke riƙe da bashinki, da lambar da ke shafin gwamnati, ba wadda ta kira ki ba. Ki tambaye su hanyoyin fita daga sahun waɗanda suka daina biya. Akwai tsarin da ake biyan ɗan abin da ya dace da albashin mutum na wasu watanni a jere, akwai kuma na haɗe bashi a sabunta shi, wanda ya fi sauri. Kowanne da ribarsa da hasararsa, kuma ƙa'idojin suna yawan canjawa, don haka ki sa su yi miki bayani, ki rubuta sunan wanda kika yi magana da shi. Da kin fita daga wannan sahun, riƙe rara ya ƙare. Ki tambayi masu cike takardar ko sauran shekarun za su iya jira har lokacin. Masu cewa ki biya su su goge bashi, kashe wayar kawai. Duk abin da za su yi miki na halal, kyauta ake yin sa.

Ki tafi da Cedric wurin 'yan sa-kan. Ya ji da kunnensa, ya fi ya ji daga bakinki a tsakiyar gardama. Ya tambaye su game da tasa rarar, domin ko da wata rana kun haɗa takarda, akwai hanyar da mijin da ba shi ya ci bashin ba yake neman a ware masa kasonsa.

Sai Nyla. Bashinki ba ya hana ta nata tallafin, rashin takardar ne kawai ya tsayar da ita. Gobe ki kira ofishin tallafin karatun, ki ce takardar tana hanya, ki tambaye su abin da za su karɓa a matsayin shaida kafin a gama aikinta. Ba ke ce uwa ta farko da ta gaya musu haka ba. Daga nan ki zaunar da yarinyar. Kada ki yi mata kuka, kada ki yi ta neman gafara har ta koma rarrashinki, don nauyin da take ƙoƙarin ɗauke miki ke nan. Ki faɗa mata ranar da za ki je, da abin da kika riga kika yi. Aikin siton ta riƙe shi, kuɗin littattafai ne, amma ta gaya musu tun yanzu cewa watan Agusta za ta ajiye rigar. In kuma aka ba ta rance a cikin tallafin, ku karanta takardar tare, layi-layi, kafin ta sa hannu. A duk gidan babu wanda ya kai ki sanin abin da ake dubawa.

Allah ya sassauta miki, ya ƙara wa Cedric awoyin aiki, ya kai Nyla ajinta lafiya.

Anti Odessa